Buhu Mai Ƙafafu Da Labbo Ya Sassaƙa

Da sanyin bana shekara ashirin da biyar ke nan cif da muka kai Labbo makwancinsa a Jega. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da kakar albasa, don ni da ita nake gane shekaru, duka biyun suka ba ni ashirin da biyar. Waɗanda aka haifa a makon rasuwarsa yau wasunsu suna da iyali. Ni kuwa ga ni nan, Sahabi dillalin albasa na kasuwar Aliero, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, da wata magana a cikina da na daɗe ina juyawa ban furta ba. Bana na ce a jarida zan faɗe ta, inda ba ni da damar janyewa.

Labbo taubashina ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Don haka tun muna ƙanana bawansa yake kirana, ni kuma in ce ban taɓa ganin ubangidan da kullum a gidan bawa yake cin tuwo ba. Har furfura ta fito mana ba mu daina ba. In ya ga na yi sabuwar riga sai ya tambaya da izinin wa na ɗinka.

Sana'arsa sassaƙa hatimi. Rumfarsa tana kusa da tashar mota a Jega: teburi ɗaya mai ƙafa gurguwa, reza, ƙusoshin da ya wasa da kansa, da kwando cike da tsofaffin silifas da yake bi yana tsinta. Tafin silifa yake yankewa, ya goge shi ya yi sumul, ya sassaƙa abin da aka ce masa a juye, sai an buga a takarda ya miƙe. Masu shaguna suna zuwa, 'yan ƙungiyoyi suna zuwa, direbobi suna kawo masa motoci ya yi musu rubutu a goshi. Amma mafi yawan masu zuwa wurinsa manoman albasa ne, kuma ba rubutu suke nema ba.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in yi bayani. Albasarmu kudu take tafiya, buhunan mutum ashirin ko fiye a mota ɗaya, masu su kuwa suna gida. Kafin waya ta zo, ba abin da ke raba buhun wane da na wane a can sai alamar da ke jikinsa. Kowane gida da tasa: wani tsani, wani jinjirin wata, wani kan kibiya, wani ido. Da can da tsinke da baƙin tukunya ake zana ta, ta goge a hanya, a yi ta rigima. Labbo ne ya fara sassaƙa wa mutane alamunsu a roba, ya haɗa musu tawada da baƙin tsohon batir da ƙaro, wadda in ta kama algarara ko ruwa ba ya fitar da ita. Daga Alelu zuwa Dangamaji har ƙauyukan Maiyama, in ka nuna masa alama zai gaya maka mai ita da sunan ubansa. Ya kan ce buhun da ba alama kamar ɗan da ba a raɗa wa suna ba ne.

Lokacin da aka ba mu jiha tamu, ban ga wanda ya kai Labbo murna ba. Ya yi makonni yana goge tsohon suna a allunan shaguna da jikin motoci yana rubuta Kebbi, wasu ma kyauta ya yi musu. Ya ce yanzu gwamnati ta matso kusa, in talaka ya yi tari za a ji. Na ce masa ai kunnen da bai so ji ba ko a kafaɗarka yake ba zai ji ba. Ya ce bawa bai san siyasa ba, in yi shiru.

Ba a yi shekaru da yawa ba maganar takin zamani ta taso. Ba zan kama sunan kowa ba, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu tsufa ya ishe su. Abin da kowa ya gani shi ne, motocin taki sun shigo da rana tsaka, an rubuta sunayen manoma, an ce su zo rana kaza. Suka zo, suka yi kwana uku suna layi a rana, sannan aka leƙo aka ce ya ƙare. Bayan mako guda sai ga buhunan nan a kasuwa da tsadar da ƙaramin manomi ba zai iya ko taɓawa ba. Zamanin kaki ne, ba majalisar da za ka kai kuka, wanda ya ɗaga murya kuwa ya san inda zai kwana.

Cikin waɗanda suka yi wannan layi akwai wani dattijo daga Mungadi, Malam Altine. Mutum ne marar hayaniya, 'ya'yansa maza biyu sun tafi ci-rani, shi kaɗai ke fama da 'yar fadamarsa da jigo. Alamarsa ƙafar zabo ce, zane uku da ɗigo a ƙasa. A hanyarsa ta komawa gida hannu wofi ya tsaya rumfar Labbo ya sha ruwa, ni ma ina wurin. Da ya gama sha, ya nisa ya ce, "Labbo, buhun ga ƙahwahu garai. Da idona nig ga shigowatai, ban ga hitatai ba." Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya hau kekensa ya tafi.

Bayan kwana uku Labbo ya aika a kira ni. Silifa ta yi masa kaɗan, sai ya samo robar shimfiɗar ƙasan mota, ya yanka ta faɗin faranti, ya kafe a katako. Ya shafa tawada ya buga a takardar siminti ya miƙo mini. Buhun taki ne ƙato, da hula a kansa ta sha kari, da ƙafafu biyu sanye da takalmi sau-ciki, ya zuba a guje. A bayansa ga manomi siriri, kalme a kafaɗa, ya miƙa hannu bai kai ba. Ba harafi ko ɗaya. Na yi dariya har sai da na riƙe teburi. Shi kuwa ya tsura wa takardar ido, fuska ba walwala, ya ce aikin bai ƙare ba. Cikin buhun fari ne fat, kuma a wurinsa buhun da ba alama na kowa ne, wanda ya tsinta nasa ne. In ana so mai kallo ya san sata aka yi, dole a ga cewa buhun yana da mai shi.

Ya so ya ƙirƙiro alamar da ba ta kowa ba, amma duk mai sauƙin da ya zana sai ya tuna gidan da ya ba. A nan ne na buɗe bakina. Na ce ya sa ƙafar zabon Altine, ai shi ya yi maganar, a ba shi haƙƙinsa. Labbo ya ce, "Ba mu tambaye shi ba." Na ce wa za ya tambayi mutum kafin ya yi masa gata? Na ce mutanen ofis ina suka san alamar buhu, su da ko ƙamshin lawashi ba su so? Da na ga yana jinkiri sai na bi ta inda na san zan same shi, na ce ashe ubangidan nawa matsoraci ne. Ya harare ni, ya ɗauki reza. Zane uku da ɗigo, bai fi minti biyar ba.

Wannan ita ce maganar da na ɓoye. Ta biyu kuma ita ce, Labbo bai buga hoton nan a buhu ko ɗaya ba, ni na buga. Ni na ɗauki katakon na kai Aliero. Mun san in an manna takarda a bango kafin azahar an yage ta, amma ba wanda zai farke buhun albasa cikakke don ya cire hoto. Ranar lodi, da an gama ɗinke baki, sai in danna shi a gefe. Da farko a sace nake yi, daga baya manoma da kansu suke jawo mini buhunansu suna cewa, "Sahabi, sa muna mai gudun nan." 'Yan dako suna ɗauka suna dariya. Direbobi suka dawo da labarin cewa a can kudu, mutanen da ba su jin Hausa ko kalma ɗaya suna nuna hoton suna kaɗa kai, sun gane. Buhunan da aka juye suka dawo gari, wani ya yi labulen shago da shi, wani ya shimfiɗa wa jakinsa. Ko'ina ka duba buhu na gudu da hularsa. A 'yan makonnin nan na ji kaina wani babban jarumi.

Gaskiya ne mutanen ofis ba su san alamar buhu ba. Abin da na manta shi ne, suna da masu gaya musu, kuma a cikinmu suke. Wata safiya Malam Altine yana tsakar ban ruwa aka je har fadama aka tafi da shi, guga yana rataye a jigo. Albasarsa a lokacin ta fara kai, lokacin da in ta yi 'yan kwanaki ba ruwa an yi asarar shekara. A ranar aka zo kasuwa ana tambayar wanda ke buga hoton. Da aka zo kaina na ce ni haka buhunan suke zo mini. Duk wanda ke wurin ya san ƙarya nake yi, ba wanda ya tona. Har yau in na tuna yadda muryata ta fita a natse, kunya ta kan kama ni.

Da la'asar na naɗe katakon a tsumma na kai wa Labbo, na ce ya ƙone shi yanzu, in ba a ga katako ba ba su da shaida, za su gaji su saki tsohon. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Altine ko hensir bai iya hiƙewa ba. Mi za ya ce musu in sunka matsa mai?" Ya karɓi katakon ya sa a hammata, ya rufe rumfa, ya shiga gida ya yi wa matarsa Hajjo sallama. Na bi shi ina cewa mu tafi wurin hukuma tare, amma Allah ya sani, a zuciyata roƙo nake ya ce a'a. Ina jin ya gani a fuskata. Ya tsaya ya ce, "Zamna, bawa. In anka riƙe mu mu biyu, wa ka ba albasatai ruwa? Tahi Mungadi."

Na tafi. Rabona da jigo tun ina saurayi, kwana ɗaya tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. Kwana shida na yi ina jan ruwa ina bin fangalin albasar ɗaya-ɗaya ina shayarwa, don ba a saki Altine nan take ba. A rana ta bakwai na ɗago kai sai na gan shi tsaye a bakin gona, ya rame, rigarsa ta yi dauɗa. Ya dubi albasar tana nan kore shar, ya dube ni, sai hawaye. Ya kama hannuna biyu yana sa mini albarka, yana cewa ɗan da ya haifa ma iyakar abin da zai yi ke nan. Ga bakina, ga kunnensa, ba kowa a wurin sai mu biyu. Na ce masa ba komai, yi wa kai ne.

Labbo sai da ya kusa wata biyu a tsare. Bai cika son maganar abin da ya faru a can ba, kaɗan-kaɗan na tattara. Wai da farko ba su yarda shi ne ba, suna ganin rufa wa wani asiri yake. Sai ya ce a ba shi reza da tafin takalmi, a gabansu ya sassaƙa ɗan ƙaramin buhu da ƙafafunsa. Da suka tambayi wanda ke bugawa a kasuwa ya ce shi ne. Da suka tambayi wanda ya ce a sa alamar tsohon ya ce shi ne. Ya fito yatsunsa biyu na dama ba su lanƙwasuwa, da wani tari da bai bar shi ba har ƙarshe. Katakon da kayan aikinsa ba a mayar masa ba.

Ya sake buɗe rumfa, ya koya wa hannun hagu riƙe buroshi, yana rubuta manyan baƙaƙe a allo. Amma aikin reza mai laushi ya tafi. Masu shaguna da 'yan ƙungiya suka janye jiki, wasu don hannun, wasu don tsoron a gan su a wurin. Mutumin da ya fara kawo masa aikin hatimi bayan fitowarsa Malam Altine ne, don an ƙwace nasa ranar da aka kama shi. Labbo ya ba shi haƙuri, ya ce ya zaɓi wata alama, wannan ta jawo masa wahala. Altine ya ce, "Wagga dai. Ita ubana yab bar min." Yini guda Labbo ya yi yana fama da hagu a kan abin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce. Ƙafar zabon ta fito a karkace, yatsa ɗaya ya fi sauran gajarta. Altine ya juya ta ya duba, ya ce ta yi, ya sa a aljihu.

Yau in na bi ta tashar Jega, inda rumfar take wani ne ke cajin waya. Na kan tsaya in tambayi kaina me Labbo zai ce da wannan zamani. In ya ga hotunan 'yan takara da inji ke fitarwa, fuska sumul ba tabo, an lulluɓe bangon gari da su, na san zai ce injin ya iya aiki amma bai iya gaskiya ba. In ya ji manoma har yanzu suna maganar taki, zai ce buhun nasa ya gaji da gudu da ƙafa, yanzu taya gare shi. Zane-zanen da matasa ke yi a waya suna caccakar masu mulki kuwa za su burge shi ƙwarai, abin da muka yi makonni muna aikawa a bayan mota su kafin ka ƙifta ido ya zaga ƙasa. Amma na san tambayar da zai fara yi musu, don na gan su suna ɗora fuskar wata tsohuwa ko sunan wani manomi don maganarsu ta yi nauyi. Zai ce, kun tambaye shi?

Shekara biyar ya yi bayan fitowarsa. A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi da hantsi, Hajjo ta fito da shi rana a tabarma. Na fara magana ina in-ina, na ce abin nan da na sa shi. Ya ɗaga hannun nan mai sandararrun yatsu ya tsayar da ni. Ya ce, "Kai kah hwaɗi, ni niy yanka. Yaushe bawa ka ba ubangida umurni?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, kuma wannan karon ba da wasa ba, "Ni na yahe tun tuni. Amma ba ni ɗai na ba. Tahi ka gaya ma Altine." Na ce in sha Allahu da an gama kaka. An gama kaka, an gama wata, na yi ta cewa sai na sami lokacin da ya dace. Har Altine ya bi Labbo ban je ba.

Abin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa a raina shi ne wannan. Tun shekarar da na ja masa ruwa, Malam Altine bai taɓa cire albasa bai aiko mini da buhu guda ba, zaɓaɓɓiya, manya-manya. Da zai rasu ya bar wa 'ya'yansa wasiyya kada su yanke. Ba su yanke ba. A gidansu, jikokin da ba su ma san Labbo ba sun san labarin Sahabi mutumin kirki da ya ceci gonar kakansu. Ni kuwa duk shekara in karɓa, in yi godiya, a yi miya da ita in ci.

Daga hoton da ya girgiza kasuwanni uku ba abin da ya saura. Na nema, na tambayi tsofaffin direbobi da masu ɗinkin buhu, ko ƙyalle ban samu ba, algarara ba ta shekara talatin. Allunan da ya rubuta an sauke su, hatiman an jefar. Yanzu lambar waya ake rubutawa a buhu da alƙalami mai kauri. Gida ɗaya na sani da bai bi wannan yayi ba. 'Ya'yan Altine sun rubuta lambarsu kamar kowa, amma a ƙarƙashinta sai sun danna ƙafar zabon. Robar Labbo ta daɗe da cinyewa, sun kai an sake musu sau biyu, kuma kowane karo sai sun ce a bar ta da karkatarta da gajeren yatsanta. Iyakar aikin hannunsa da ke yawo a duniya ke nan, mafi muni cikin duk abin da ya sassaƙa, kuma shi ne wanda ya fi kama da shi.

Allah ya jiƙan Labbo, ya jiƙan Malam Altine, ya sa sun huta. Ubangida, na yi jinkiri da aikenka shekara ashirin da biyar, ka san halin bawanka.

Buhun bana ya iso shekaranjiya, yana zaure, na hana a kwance ɗinkin. Ranar da wannan rubutu ya fito zan sa buhun a mota in kai Mungadi da kaina, da jaridar a hannuna, in zauna a ƙofar gidan Altine a karanta wa 'ya'yansa ina ji. In sun gama ji suka ce in koma da buhun, zan koma da shi. In sun yi shiru, zan bar musu albasarsu in taho.